Neman Yafiyar da Ya Zame Mini Laifi

Shekara tara na yi ina aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Marylebone, nan ƙasar Turawa. Ni ce mai tarbar baƙi, ni ce tafinta. Alhazai da hajiyoyin da ke zuwa daga gida a duba musu gwiwa da hawan jini, ni nake faɗa wa likita abin da ke damunsu, ni nake nuna musu alƙibla a ɗakin ajiyar kaya. Rana ɗaya manajar wurin, wata doguwar mata da ba ta da aiki sai yaƙe, ta kira ni ofis ta ce an soke kujerata, daga yanzu ta waya za a riƙa yin tafinta. Ta turo mini kwalin tishu. Ko kallonsa ban yi ba. Allah ya sawwaƙe in yi kuka a gaban wannan matar.

Sai dai ni 'yar Inna ce. Mahaifiyata ta rene mu a kan cewa ba a barin wuri sai an nemi gafara. Ko biki ka je ka kwana biyu, ranar tafiya ɗaki ɗaki za ka bi kana cewa a yafe maka, domin mutuwa ba ta sallama. Don haka ranar da zan bar aiki na zauna na rubuta wa kowa saƙo da Turanci, har da manajar. Na ce na gode da zaman tare, kuma duk wanda na yi wa laifi, cikin sani ko rashin sani, don Allah ya yafe mini. Na aika, na ɗauki jakata da kofin shayina na fita. Mutum biyu suka turo mini hoton zuciya. Ba wanda ya ce ya yafe, ba wanda ya ce shi ma in yafe masa.

Na cike takardun neman benefit, wato ɗan kuɗin da gwamnati ke ba wanda ya rasa aiki kafin ya sami wani. Ba bara na je ba. Shekara tara ana yankar albashina domin irin wannan ranar. Da shi na dogara in riƙe flat ɗina, ɗan gidan da nake haya a Woolwich, don mai gidan hayar nan bai san wani abu wai shi a yi haƙuri ba.

A ofishin marasa aiki aka haɗa ni da wani mutum mai furfura da katin shaida a wuya. Ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa. Sai ga saƙona.

"Me kika yi musu?" ya tambaye ni.

Na ce, "Ni? Me na yi wa wa?"

Ashe sun tambayi asibitin dalilin rabuwarmu, ita kuma muguwar manajar ta liƙa saƙona a amsarta, ta ƙara da cewa ni da bakina na amsa na yi kurakurai. Ya bayyana mini dokarsu: wanda aka sallama ba da laifinsa ba, a ba shi, wanda ya jawo wa kansa, a dakatar da shi na watanni. Na ce masa bawan Allah, wannan ban kwana ce, haka ake yi a wurinmu, ko jaririn jiya ka bari a gida za ka iya ce masa ya yafe maka. Ya sa bakin biro a kan allon, daidai inda na rubuta "cikin sani".

"In ba ki yi komai ba, me ya sa kika ba da haƙuri?"

Wallahi ji na yi kamar in kifa masa kwamfutar a ka. Na ce saboda ina da tarbiyya! Muryata ta ɗaga har mai gadi ya matso. Mutumin bai ko ɗaga gira ba. Ya ce in kawo takarda daga asibitin cewa ba laifi ya sa aka sallame ni ba, ya ba ni mako guda.

Kwana huɗu ina buga waya, kullum wai manaja tana taro. A na biyar na ci ado, na yafa mayafina na zuwa suna, na hau jirgin ƙasa na tafi. Ban nemi ganin kowa ba. Ɗakin jira na shiga na zauna a tsakiyar marasa lafiya, na san Talata ce ranar da mutanenmu suke cika wurin.

Wata dattijuwa da na yi shekaru ina riƙe wa jaka idan za a ɗebi jininta ta hango ni.

"'Yar nan! Ina kika shiga? Sun haɗa ni da wata murya a waya, Hausarta kamar ana tauna tsakuwa."

Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce da ƙarfi, "Hajiya, korata suka yi. Na nemi yafiyarsu da zan tafi, suka kai takardar wurin hukuma wai na amsa laifi."

Hajiya ta dafe ƙirji ta yi salati. Wani alhaji da ke gefe ya ajiye jaridarsa ya ce, "Neman yafiyar? Kai, waɗannan ba su da ta ido." Kafin ka ce kwabo ɗakin ya kaure da Hausa. Manajar ba ta jin ko "zo in kashe ka", amma ta san muryar masu biyan kuɗi idan ransu ya ɓaci. Sai ga ta da sauri, da yaƙen nan nata, wai in shigo ofis mu yi magana.

Minti goma ba ta cika ba ta buga takardar: an soke kujerata ne, ba ni da laifin komai. Abin da ya gagara kwana huɗu. Na karanta sau biyu a tsaye, na ninke na sa a jaka.

Ta raka ni bakin ƙofa ta miƙo hannu. Ta ce rashin fahimta ne kawai, tana fata ban riƙe ta a zuciya ba.

A nan ne ya kamata in ce ba komai, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Haka Inna ta koya mini, kuma tun da nake ban taɓa barin wani wuri ba tare da na faɗa ba. Maganar har ta zo bakina. Na dubi hannun nata, na tuna biron mutumin nan a kan "cikin sani".

Na ce mata, "Na riƙe ki."

Takardar ta yi aiki, flat ɗina yana nan. Da na buga wa Inna waya na ba ta labari, ba ta tambaye ni ko kuɗin ya fito ba. Cewa ta yi, "To kin dai yafe mata ko?"

Na ce, "Inna, ba ta nema ba."

Ta ce, "Ke ma garin ya cinye ki."