Shekarar da Man Iya Ya Ƙi Barci

A gidanmu wata 'yar kwalba ce ke faɗa mana shigowar sanyi. Kakata ta wajen uba, Iya Tabawa, ita ke da ita. Da an girbe shinkafar damina sai ta soya man shanu, ta zuba a kwalbar, ta ɗora a kan katangar bayan ɗakinta ya kwana a waje. Kullum bayan sallar asuba za ta je ta karkata kwalbar. In man ya gangaro, ta mayar ta yi tafiyarta. Ranar da ya yi barci, ya daskare har ya ƙi motsi, ranar ce take aikawa a kira Babanmu ya zo ya karɓi iri.

Irin alkama nake nufi. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, kanal na ruwan noman rani ya ratsa ta bayansa, kuma kowa sabon irin da malaman gona suka kawo yake shukawa. Iya kuwa tana da nata a tulu, wata gajeriyar alkama ja da marigayi kakanmu ya noma a bakin rafi tun kafin a haƙa kanal. Ba ta yin albarka kamar sabuwar, Baba kullum cikin mita yake cewa tana cinye masa kusurwar gona a banza. Sai dai da ita Iya ke yin alkaki, kuma in ya sa guda a baki mitar takan tsaya. Alkama ba ta jure ajiya a wajenmu, in ta haura shekara a tulu ƙwari sun gama da ita. Dole kowace shekara a shuka, a girbe, a sake cika tulun. A duk ƙauyukan da muka sani, babu wanda irin ya rage a hannunsa sai Iya.

Sanyin nan shi ke kawo mana tatsuniya. Bayan isha'i Iya takan hura gawayi a kasko a tsakiyar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye shi, kowa ya miƙa ƙafafu masu faso. Ni ce mai ƙoƙarin zama a jikinta, ita kuma ta ture ni da gwiwar hannu tana cewa yarinya duk ƙashi kamar buhun ƙusa. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta yi gyaran murya ta ce, "Ga wata nan tafe, ƙafarta duk laka." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo, akwai tabarma."

Cikin tatsuniyoyinta akwai ta Sanyi. Duk mun san dalilin da ya sa ta ƙaga ta: ƙanena Nafi'u ne ba ya ganin wuta ya ƙyale, da ta juya baya sai ya cusa kara a kaskon, ɗaki ya turnuƙe mu yi ta tari.

A labarin, Sanyi wani tsohon bafatake ne da ke zuwa daga arewa sau ɗaya a shekara, shi da jakinsa. In ya sauka a gari, da asuba sai ya bi gonaki yana hura wa alkama iska a hankali, kowace zangarniya ya hura wa sai ta cika da ƙwaya. Mutanen garin suka ci suka ƙoshi, daga nan sai gasa ta shigo. Kowane gida yana so a ga wutarsa ta fi ta maƙwabci, don a san tukunyarsa ba ta sauka daga murhu. Hayaƙi ya tashi, ya je sama ya tsaya. Na gobe ya hau kan na yau, har ya zama murfi a kan garin. Da Sanyi ya iso ya kewaya, ya sake kewayawa, bai ga ƙofa ba, sai ya kora jakinsa ya yi gaba. Gari ya zama kamar cikin tukunya a rufe. Alkama ta yi tsawo ta yi kyau, amma in ka murza zangarniya babu komai a ciki. Sai wata tsohuwa ta kashe wutarta, ta ɗauki sanda ta bi gida-gida tana roƙon kowa ya rage tasa. Hayaƙin ya yaye, Sanyi ya ga ƙofa ya dawo. A nan Iya takan ja kunnen Nafi'u ta ce labari ya kwanta, kowa ya tafi ya taya shi barci.

Dariya muke yi. Ita ma dariya take yi.

Shekarar da abin ya faru, lokacin wayar salula ta fara shigowa ƙauyenmu, samari na hawa gadar kanal neman sabis. An girbe shinkafa, Iya ta ɗora kwalbarta. Mako ya wuce, wani ya biyo, man na gangarowa kamar ruwa. Lokacin da ya kamata a ce muna faɗa a kan bargo, a tsakar gida muke kwana muna fifita. Iya ta hura kasko don sabo, muka zauna, gumi ya kore mu tun kafin labari ya kai tsakiya. Manya suna ta cewa ba su taɓa gani ba, amma kowa na cewa ai sanyi yana nan tafe.

Wata yamma ta aike ni in sauko mata da kwalbar ta ƙara mai, sai kuma ta biyo ni. Daga bayan katangar ana hango gonaki har ƙarshen gani. Lokacin ƙona bambaro ne, wato karan shinkafa da ake bari bayan girbi, kowa yana cinna wa nasa wuta don ya share gona. Babu iska ko kaɗan. Hayaƙin ya tashi ya kwanta a saman gonakin, shimfiɗe, ya ƙi tafiya. Na ga Iya ta dafa katanga. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, a hankali, ba da ni take ba, "Innalillahi. Da bakina na faɗa."

Tsoro ya kama ni, don ban taɓa ganin abin da ya girgiza Iya ba. Matar da ke kashe kunama da takalmi tana ci gaba da hira.

Daga ranar ta kife kaskonta. Ta daina ɗora ko ruwan zafi a ɗakinta, abin da mahaifiyata ta dafa shi take ci. Ta kira Baba ta hana shi ƙona bambaron gonarmu. Shi ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, "kai wannan" take ce masa, kuma bai taɓa musa mata ba. Haka ya kwashe bambaro da hannu yana tarawa a bakin gona, maƙwabta na tsokanarsa ko katifa zai ɗinka. Tatsuniya ta koma cikin duhu, a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Duk wanda ya ce a yi ta Sanyi sai ta ce ta manta.

Kowa ya shuka alkamarsa, kusurwar Iya na nan a share. Baba ya zo ya durƙusa ya ce mata lokaci na ƙurewa, in aka ƙara jinkiri zafin bazara zai riski alkamar tana fitar da kai. Ya ce kuma ya leƙa tulun ya ga ƙwari sun fara.

"Kai wannan," in ji ta, "tun da ubanka ya bar min irin nan ban taɓa ba da shi man yana farke ba. Ba bana zan fara ba."

Sai ga shi wata asuba ta tashe mu da kanta. Iska mai sanyi na kaɗawa, har haƙoran Nafi'u na haɗuwa. Ta kife kwalbar a gabanmu, man ya ƙi motsi. Ban manta fuskarta ba, kamar yarinya aka yi wa ɗinkin salla. A zuciyarta wutar da ta kashe ce ta yi aiki, kamar ta tsohuwar nan ta cikin labarinta. Al'adarta ce ta rage 'yar ƙwarya guda a gindin tulu ko da wani abu zai faru. Ranar kuwa, ga ƙwari sun rage irin, ga murna, sai ta juye shi duka a buhu. Baba ya ce a bar kaɗan. Ta ce Sanyi ya ga ƙofa, me za a ɓoye masa?

Sanyin bai daɗe ba. Alkamar ta tsiro, ta yi kore shar, aka yi ta ban ruwa. Tana fara fitar da kai zafi ya dawo da ƙarfinsa, irin wanda ruwan kanal ke yin ɗumi tun hantsi. Daga nesa kusurwar Iya ta fi ko'ina kyau, har masu wucewa kan tsaya su yaba.

Ranar girbi ta ce sai an kai ta. Baba ya ɗauke ta a babur, ni na bi da ƙafa. Ta tsinki zangarniya, ta murza a tafin hannu yadda ta saba, ta hura. Komai ya tashi. Ta buɗe hannun tana dubawa, babu ko ƙwaya. Ta matsa gaba ta sake tsinka, ta murza, ta hura. Ta yi ta yi har ta kai ƙarshen gonar, mu muna biye da ita. Sabon irin na Baba ya ba da ɗan abin da ba a rasa ba. Na Iya, da aka sussuke, 'yan ƙwayoyi ne a yamutse suka fito, kuma da aka gwada su a shekara ta gaba ko ɗaya bai tsiro ba. Alkamar kakanmu ta ƙare a duniya ina tsaye ina kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta kakkaɓe hannunta ta ce a mayar da ita gida.

Shekaru kaɗan bayan haka ina makarantar kwana ta 'yan mata, malamin labarin ƙasa ya zana duniya a allo, ya zana wani lulluɓi a kewaye da ita. Ya ce hayaƙin da mutane ke fitarwa ne ke taruwa a sama, zafin rana ya shigo ya kasa fita, yanayi ya rikice. Alƙalami ya faɗi daga hannuna. Sai na ji kamar muryar Iya tana cewa na gobe ya hau kan na yau. Malamin ya ce ba kowace shekara mai zafi za a ɗora wa wannan ba, amma irinsu za su riƙa yawaita. Ya ce muna da namu kason: bambaron da muke ƙonawa, itacen da muke sarewa, janareto, har da wata iska da ke tashi daga gonar shinkafa in ruwa ya kwanta a kai. Amma mafi yawa daga manyan masana'antu da motocin ƙasashe masu nisa yake, mutanen da ba su taɓa jin sunan Bunkure ba.

Da hutu ko jaka ban ajiye ba na faɗa ɗakinta. A lokacin idanunta sun fara rauni. Ina ta zuba, a zatona zan faranta mata: labarinki gaskiya ne, har a littafi yana nan, kuma ba bakinki ba ne, ba kaskonki ba ne, hayaƙin daga nesa yake zuwa. Ta saurara har na gama.

"To su can ɗin," ta ce, "sun kashe tasu?"

Na ce a'a, Iya.

Ta shafa tabarma da tafin hannu. Sannan ta ce, "Ashe ni kaɗai na zauna a duhu."

Na yi shekaru ina jin haushin labarin nan, ina ganin shi ya yaudare ta har ta juye tulu. Sai da na girma na lura labarin bai yi mata ƙarya ba. Tsohuwar da ke ciki ba wutarta kaɗai ta kashe ba, gida-gida ta bi, kuma maƙwabtanta sun ji ta. Iya ta yi rabon da ke hannunta, har ta zarce. Gidajen da ya kamata ta bi da sandarta suna bayan teku, ko sunanta ba za su taɓa ji ba. Wannan shi ne abin da har yau yake tayar min da hankali: wadda ba ta taɓa mallakar ko fitilar lantarki ba, ita ce ta ɗauki laifin a kanta, ita ce kuma ta biya da abin da mijinta ya bar mata.

Iya ta rasu. Da aka raba kayanta kwalbar na ɗauka, aka yi ta min dariya. Sanyi yana zuwa har yanzu, wata shekara da ƙarfi, wata shekara ya leƙo ya koma, ba wanda ya isa ya ce ga ranar zuwansa. Duk bayan girbin shinkafa nakan soya man shanu in ɗora a taga, ko da yake ba ni da irin da zan ba kowa.

Bana 'yata ta tarar da ni da asuba ina karkata kwalbar, ta tambaye ni me nake jira. Na zaunar da ita na ba ta labarin Sanyi da jakinsa. Da na kai inda ya kewaya gari bai ga ƙofa ba, sai ta ƙosa ta ce, "Umma, daga nan fa? Ya dawo?"

Na dubi man, yana gangarowa. Na ce mata tsohuwar tana kan hanya, ba ta gama bin gidajen ba.