Tsakar da ta zo cikin kwalin takalma

Ranar Asabar da ta wuce jikata Nana ta ja ni wani kanti a nan Lyon, muka fito da akwatin gilashi, da fitila mai ba da ɗumi, da ƴar na'urar auna zafi, da roba cike da gyare masu rai. Kafin la'asar ta gama shirya wa tsakarta gida, tana duba waya tana gyara duwatsu. Ni aikina riƙe marfi. Lokacin da na yi tawa tsakar kuwa, ina ƴar shekara tara a Aubervilliers, ba kanti, ba wanda zan tambaya, kuma da an gan ta da an kashe ta.

Mun baro Damagaram bayan girbi, muka tarar sanyi ya fara shiga. Baba yana aiki a siton wani Alhaji mai shigo da kayan fata, ya fita da duhu ya dawo da duhu. Ɗaki biyu muke da su a hawa na huɗu. Ni ce ƴar fari, don haka Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma doguwar hira da ni, sai dai "Ke, zo" da "Ke, miƙo". A gida wannan bai taɓa damuna ba, ga Gwaggo, ga kakata, ga yara cike da tsakar gida. A nan kuwa mu biyu ne kawai, kuma kunya ta tsaya tsakaninmu. A lakwal, wato makaranta, ba na jin Faransanci. In an fita shan iska sai in jingina da bango ina kallon masu tsallen igiya har a kaɗa ƙararrawa.

Wata rana Baba ya kawo kwalin takalman fata da suka zo daga gida, ya ce in jera su ƙafa-ƙafa. A can ƙasa, cikin takalmi na ƙarshe, na ga tsaka, fara fat, sanyi ya hana ta motsi. Da na kama ta wutsiyar ta cire, ta yi ta mutsu-mutsu a tafin hannuna. A garinmu ba a barin tsaka. Da an hange ta bisa azara sai ka ji an ce, "Ku rufe gishiri!", wani kuma ya ciro takalmi, don an ce wanda ya ci abin da ta lasa fatarsa za ta lalace. Ni ma na sha kashe su. Amma wannan ita kaɗai ce a duk garin na san ta taɓa hawa irin bangonmu, sai na sa ta a aljihu.

A ƙarƙashin matakala, wurin da ake tara shara, akwai wani akwatin gilashi na kiwon kifi da aka yar don ya tsage a kusurwa. Na hau da shi Inna tana sallah. Yashi na ɗebo a wurin da ake gini kan hanyar lakwal, cikin safata, sawu uku. Na sa fasasshen kaskon fure ya zama maɓoya, marfin kwalba ya zama wurin shan ruwa. Na yanki gefen gidan sauron da Inna ta ɗauko tun daga gida, wanda ba mu taɓa ɗaurawa ba, na rufe bakin na ɗaure da zare. Sannan na tura akwatin bayan labule, kusa da shofaj, ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki. Ba don na san tana buƙatar ɗumi ba, nan ne kawai ba a leƙawa.

Abinci ne ya gagare ni. Ban taɓa ganin an ciyar da tsaka ba. A gida, in an kunna fitila da almuru, ƙwari ne ke zuwa da kansu, ita kuma ta sauko ta ci. Sai na yi yadda na sani: kullum magariba in ɗan buɗe taga, in kunna tocilan Baba a bakin akwatin, in durƙusa ina jira. Ko ƙuda bai zo ba, sanyi ne kawai ke shigowa. Na ba ta tuwo, na ba ta madara, na ba ta ɓarɓashin burodi, ba ta dubi ko ɗaya ba. Na zana hotonta na kai wa malamarmu don ta gane tambayata, ta yi murmushi ta manna shi a bango. Mako uku, cikin tsakar ya shafe, fatar ta yamutse, ta daina hawa gilashin.

Iskar tagar ce ta tona ni. "Wa ke buɗe tagar nan kullum?" in ji Inna, ta yaye labulen. Kafin in ƙifta ido takalminta na hannunta. Na kife bisa akwatin.

"Ke! Mi ne ne wannan?"

"Inna, daga gida ta zo. Cikin takalman Baba."

"Daga Damagaram?"

Na ɗaga kai. Ta daɗe tsaye da takalmin, sannan ta sunkuya ta leƙa. "Ita ma ƙasar ba ta karɓe ta ba," ta ce. "Mi kike ba ta?"

"Tuwo."

Inna ta tuntsire da dariya, ta farko tun da muka sauka daga jirgi. "Tsaka da tuwo! Sai ki haɗa mata da miyar kuka." Ta maida takalmin ƙafarta, ta jawo buhun geron da muka zo da shi, wanda kullum take mitar ƙwari sun shiga. Ta zuba a faifai ta bakace, ta sa tsinke tana tsamo ƙananan tsutsotsi tana jefawa cikin yashin. A ta uku tsakar ta wafce.

Ta gindaya mani sharuɗɗa: a rufe taga, a rufe gishiri, in wanke hannu da sabulu, kada akwatin ya matso wurin girki. "Babanki kuma ni na san yadda zan gaya mashi." Daga ranar, kowace magariba mu biyu muke zama gaban faifai. Ta ware tiya guda ta gero ta ajiye a wuri mai ɗumi, ba don ci ba, don ƙwarin su yi ta haihuwa. Tana tsinta tana magana, wai da tsakar take: wa ya yi aure, wace rijiya ke ƙafewa da rani, yadda kakata ke dama fura. Ni dai ina gefe ina saurare. Sabuwar wutsiya ta fito, gajera, launinta daban.

Bayan shekara biyu Baba ya samu aiki a Lyon. A jirgin ƙasa Inna ce ta ɗora akwatin a cinya, ta lulluɓe shi da zanenta tare da kwalbar ruwan zafi. Tsakar ta mutu da bazarar farko a nan, muka binne ta cikin yashin bakin kogi.

Da na girma, aikin tafinta ya kai ni ƙasashe da yawa. A Masar na ga suna ƙyamarta kamar mu, a Jakarta tana yawo bisa bangon ɗakin cin abinci ba mai ɗaga kai, a nan kuma ana sayenta a kanti. Nana tana da duk abin da na rasa, kuma tsakarta ba za ta rame ba. Inna ta koma gida ta rasu tuntuni, ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma daina rufe gishiri ba. Amma Gwaggo ta gaya mani, har ta bar duniya, ba a ƙara kashe tsaka a ɗakinta ba.