Shafin da ke cewa akwai

Ina aji na biyu a kolej aka yi wa Baba shafi a intanet. Baba baduku ne. A zauren gidanmu na unguwar Birni, a Damagaram, yake zama da wuƙarsa da basillarsa, yana ɗinka jakunkuna da alabai na jar fata. Abu ɗaya kowa ya san shi da shi a kasuwa: in ya ce akwai, akwai. In ya ce babu, kada ma ka ɓata lokacinka. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai gara ya kori mai saye da ya ce masa ya dawo gobe.

Wanda ya yi shafin wani mutum ne da ya dawo daga Yamai ya buɗe sibar, wato shagon intanet, a unguwar Zango, ɗaki ɗaya da kwamfuta huɗu, da muke kira ordinatar, da fanka mai ƙara. Ya bi masu sana'a rumfa rumfa yana cewa yanzu ba sai mai babban kamfani ke da shafi ba. Wani kamfani can nesa ya riga ya gina iri uku ya ajiye, kamar rigunan kanti. Kai dai ka zaɓi launi, ka ba da sunanka da hotuna takwas a zuba a gurabensu. Shi ya sa yake da araha.

Baba bai iya faransanci ba, ni ce kuma babba a gida, don haka da ni ya tafi. Ba na son wurin. Ko a aji in an kira ni, muryata ba ta wuce bakin hijabina.

"Uwata, wanne ya fi?" in ji Baba. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na nuna mai ruwan ƙasa da ɗan yatsa. Mai sibar ya shimfiɗa farin zane a bakin ƙofa ya ɗauki jakunkunan hoto ɗaya ɗaya. A na shida, kan babban yatsan ƙafar Baba ya fito a gefe. Ba wanda ya lura sai ni. Da aka gama, a ƙarƙashin kowane hoto sai ga ɗan koren tambari da kalma ɗaya ta faransanci a ciki.

"Me ya ce nan?"

"Ya ce akwai, Baba."

"To ai akwai," in ji shi, ya yi murmushi.

Da muka koma gida Inna ta yi dariya har ta ajiye ludayi. "Ka ji mutum! Jakunkunanka na can suna yawon duniya, kai ko Takeita da ke nan kusa ba ka taɓa kwana ba."

A hankali jakunkunan takwas suka ƙare, biyu ma ta hanyar shafin aka saye su. Sai damina ta yanke. Kawuna da ke noma a Gaffati ya ce gero iya gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye. Kasuwar dabbobi ta cika da awakin da masu su ke neman rabuwa da su kafin su faɗi. Fatu suka yi yawa, har mutane na ce wa Baba bana shekarar dukawa ce.

Ba haka ba ne. Ranar da ya kawo na farko daga majema, ya ɗaga ɗaya a hasken ƙofar zaure, na hango inuwar yatsunsa biyar ta cikinta. Akuyar da ta sha yunwa fatarta ma ta sha. In ya soka basilla, ramin sai ya buɗe baki ya haɗe da na kusa da shi. Jan launin ma babu. Da karan dafi ake yin sa, wata tsohuwa ce daga Dogo ke kawo mana duk kaka. A bana ta zo, amma da kwano wayam, tana tambayar Inna ko akwai wanki. Hodar rini ta kasuwa kuma ja ce kamar ruwan siro na sha, tana bin hannu.

Laraba da yamma ba mu da lakwal, wato makaranta, ranar nake zuwa sibar in duba saƙonni. Ina kwafe su a bayan kayena, wato littafin rubutuna na lissafi, in zo in karanta wa Baba da Hausa. Wata Laraba na tarar da saƙon wata mai kanti a Yamai. Tana son jaka irin ta hoto na shida, guda ashirin, sak kamar yadda take a hoton.

Lokacin mun koma cin tuwo sau ɗaya a yini. Inna na auna gero da ƙaramin gwangwani, tana shafe bakinsa da tafin hannu kada ya yi tozo.

Baba ya gwada. Kwana uku yana zaɓen fata, yana ninka ta biyu a wajen maɗauki. Jakar ta fito da kyau, in ka gan ta daga nesa. Ya zuba mata duwatsu don gwada ƙarfinta kamar yadda yake yi wa kowace, ya rataye a ƙusa. Kafin la'asar muka ji tim a zaure.

"Ka aika mata haka mana," in ji Inna daga bakin ƙofa. "Ita a Yamai duwatsu za ta zuba a ciki?"

"Da sunana za ta sayar."

"To sunan za mu dafa, Malam?"

Baba ya durƙusa. Ya tsince duwatsun ɗaya ɗaya ya mayar gindin bango. Sannan ya sa ni na ɗauko biro. Ya yi dogon bayani, na awaki da ciyawa da tsohuwar Dogo. A sibar na zauna ina kallon takardar, ban san sunan karan dafi da faransanci ba, ina kuma jin kunyar tambaya. Layi uku kawai na rubuta: babu, fata ta lalace bana, ki yi haƙuri.

Amsarta ba ta kai layi ɗaya ba: amma shafinku ya ce akwai.

A can ƙasan shafin akwai gurbin da baƙi ke rubuta ra'ayinsu, kowa na gani. Laraba ta gaba na ga an rubuta: mutumin nan ba mai magana ɗaya ba ne, yana tallan abin da ba shi da shi. Na karanta sau uku. Ban kwafe ba. Na dawo gida na wuce zaure da sauri.

"Uwata, yau ba ki buɗe bayan kayen ba."

Na tsaya. Ban taɓa iya yi masa ƙarya ba. Ina kallon guntayen fata a ƙasa na faɗa masa, kalma kalma. Ya ajiye basilla, ya sa hularsa, ya ce mu je.

Mai sibar ya ba shi kujera, ya saurara har ƙarshe, yana sosa ƙeya.

"Baba, tambarin nan a jikin ginin yake. Ni launi da hoto kawai aka ba ni dama, su ma sau ɗaya."

"To cire hotunan."

"Sai shekara ta zagayo."

"Kawo alli in rubuta babu a ƙasa."

Wasu da ke zaune suka yi dariya. Mai sibar bai yi ba. "Wallahi na rubuta musu, Baba, har sau biyu. Na'ura ce ke amsa mini, wai sun gode. Ba kai kaɗai ba ne. Mai kilishi ma jiya ya zo ya zazzage ni. A cikin akwatin nan duk Damagaram akwai take cewa, har mai nono."

"Ni ba mai nono ba ne, ɗana. Tun ina yaro ban taɓa ce wa mutum akwai alhali babu ba. Yanzu na tsufa ka sa ni ina faɗa dare da rana, bakina a rufe. Kashe shi."

Mai sibar ya kalle ni. Na sunkuyar da kai. Ya miƙa hannu ya danna maɓallin da ke ƙarƙashin gilashin, gilashin ya yi baƙi.

"Na kashe, Baba."

Daga inda nake tsaye ina ganin akwatin da ke ƙarƙashin tebur, ƴar koriyar fitilarsa na ƙiftawa kamar da. Na san gilashin kawai ya kashe. Baba ya yi masa godiya, ya gaida sauran mutane, muka fita.

Muna tafiya yana gaba ina baya. Sai da muka kai wajen manyan duwatsun nan na hanyar Birni ya tsaya, bai juyo ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Yana nan, ko?"

"Yana nan."

"Da sunana."

"E, Baba."

Ya daɗe yana kallon wata akuya da ke lasar takarda a gindin dutse. Ana iya ƙirga haƙarƙarinta.

"To ki ci gaba da zuwa," in ji shi. "Duk wanda ya tambaya, ki ce masa babu. Ki faɗa wa kowa da kansa."

Haka na yi har rani ya ƙare. Duk Laraba ina zama a kujerar ƙarshe ta kusa da bango, in buɗe shafin. Jakunkuna takwas jajaye suna nan a kan farin zane, da kan yatsan ƙafar Baba a gefen ta shida, da korayen tambura takwas. Sai in gangara ƙasa in fara rubutawa da yatsa ɗaya: babu, ku yi haƙuri.