Ɗaya Gefen Faifan

Shekarun baya, a daminar da sojoji ke shirin miƙa wa farar hula mulki, aka kawo ni unguwar Barnawa wurin gwaggona don in shiga sakandare. Abin da na fara lura da shi a ɗakin da aka ba ni shi ne wata 'yar ɓula a bango, kusa da silin, inda aka taɓa zura waya. Washegari da safe ta nan kiɗa ya shigo.

Maƙwabcinmu ne ya kunna, wani dattijo mutumin Filato da ke aiki a masaƙa. Garmaho gare shi, kuma kullum faifai ɗaya yake sawa, na wasu Turawa masu jita. Jitar ce ke fara tafiya ita kaɗai, kamar mai taka tsakar gida ba takalmi, sannan ganga ta biyo ta. Turancina bai kai ya kama kalmomin ba, sai na ƙirƙiro musu ma'ana. Waƙa ta biyu na ce ta wani ce da jirgin ƙasa ya bari a tasha. A ta uku allura kan yi ɗan tsalle, ni kuma in ɗaga cokalin kokona in jira ta sauka. Ta ƙarshe takan tsaya kamar mai labari da aka kira shi waje. Sai shiru, sai ƙarar kwaɗo a ƙofarsu.

Ban taɓa ce masa komai ba bayan "ina kwana", ita ma ƙasa nake gaya wa. Gwaggo takan ce ko ƙadangare ya fi ni surutu.

Bayan an rantsar da sabuwar gwamnati sai dattijon ya samu aiki a Jos, suka fara shirin tashi. Gwaggo ta tura ni in taya matarsa naɗe faranti da jarida. Nan na ga faifan. Gefe ɗaya ya sha karce har ya dushe. Na juya shi, ɗaya gefen baƙi wuluk, yana sheƙi kamar ba a taɓa shi ba.

"Mama, wannan gefen fa?" na ce da ƙyar.

"Au, ashe kina magana!" Ta yi dariya. "Ai faifan nan agogonsa ne. Da shi yake aski, ya sha shayi. Allura na ɗagawa, in bai fita ba motar masaƙa ta bar shi. In ya dawo kuma kunnensa cike da ƙarar inji, ko rediyo ba ya so. Wa zai juya?"

Ashe rabin labari nake saurare duk watannin nan. Har yau in kiɗa ya tsaya sai in ji kamar akwai saura a bayansa, kuma a ranar na fara gane cewa kunya ba ta taɓa juya mini komai ba.

Sai ga dattijon ya shigo da kwali da igiya, ya nufi garmahon. Gobe da safe motar kaya za ta zo. Ya cire filogi, ya fara naɗe wayar a gwiwar hannu. Na ajiye jaridar da ke hannuna.

"Baba," na ce.

Ya waiwayo yana neman mai muryar.

"Don Allah kafin ka ɗaure, ka sa mini ɗaya gefen."