Kashi Biyun da Na Ɓoye wa Mai Nono

Bara na kalli finafinai fiye da duk waɗanda na kalla a sauran rayuwata, kuma ba don ina da lokacin banza ba ne, don ba ni da abokin magana ne. A farkon shekarar aka yi wa maigidana canjin wurin aiki daga Bebeji zuwa Doguwa. Malamin gona ne, irin mutanen nan da za su yini suna bayani a kan tsutsar masara, amma in ka tambaye su ya aiki sai su ce lafiya, shi ke nan an gama hira. Yaranmu biyu suna makarantar kwana. Gidan da muka kama haya yana can ƙarshen gari, bayansa sai gonaki, sai duwatsu. Da safe ya tayar da babur ya tafi, sai magariba. Ni da na tashi a gidan da ko tari ka yi sai mutum uku sun ce maka sannu, sai ga ni ina yini ina yi wa kaji faɗa don dai in ji muryata.

Duk ranar da aiki ya bi da shi Tudun Wada sai in ba shi memorin wayata ya kai shagon masu tura finafinai a cika mini. Shi ba ruwansa da zaɓe, abin da mai shago ya zuba shi yake kawowa. A ciki akwai shirme da yawa. Akwai kuma wani na Indiya mai fassarar Hausa, labarin ɗan sanda mai tsoron kare, wanda ya sa na yi dariya har na ƙware da ruwa. Sai dai dariyar mutum ɗaya a gidan da ba kowa ba ta da daɗin ji. Ina gamawa sai in ji shirun ya fi na ɗazu.

Wanda ya fi duka kama ni fim ne na Hausa mai kashi goma sha biyu. Wata mata ce mai sayar da abinci a tasha, ɗanta ya tafi kudu neman kuɗi, shekara bakwai ba labari. Duk motar da ta tsaya sai ta ajiye ludayi ta leƙa. Cikin kwana uku na cinye shi tas, na ga ƙarshensa, na yi kukana na share hawaye. Bayan sati na sake ɗauko shi daga farko.

Ina cikin kashi na ɗaya ne mai nono ta yi sallama. Bafulatana ce, sa'ata ko ta ɗan girme ni, rugarsu tana bayan dutse, tafiyar awa guda a ƙafa. Da ma takan leƙo jefi-jefi, in sayi na fura ta wuce. Ranar ta sauke ƙwaryar, ta auna mini, amma ba ta ɗauka ba. Idonta yana kan wayar da na jingina da turmi.

"Hajiya, wannan matar wa take jira?"

Ban taɓa zuwa Makka ba, amma haka take kirana. Na ce, "Ɗanta. Zauna ki gani, ƙawata."

Ta zauna a can gefen tabarma, rabin jikinta a ƙasa, kamar wadda za a kora. A haka ta kalla har aka gama. Da za ta tafi sai ta ce, "Yana da ci gaba?" Na ce yana da shi, ta dawo gobe.

Haka muka fara. Kullum in ta gama zagayen gari sai ta biyo, bayan azahar, mu kalli kashi ɗaya. Na koma dafa abincin mutum biyu. Da farko ba ta ci, sai na yi tayi sau uku, sau huɗu, har in yi fushi, sannan ta juya baya ta ɗan taɓa. A hankali na gane ita ba ta roƙon abu kai tsaye. In tana jin ƙishirwa ba za ta ce a ba ta ruwa ba, sai dai ta ce yau rana ta yi zafi. Wajen kallo kuwa shiru take, sai an gama bakinta yake buɗewa. Ta zagi direban da ya yi wa matar ƙarya, ta ce mai unguwar fim ɗin sak wani kawunta, ta ba ni labarin 'yarta da aka aurar can nesa wadda rabonta da ita damina biyu. Ni ma na ba ta nawa. Na daina yi wa kaji magana.

Ranar da muka gama kashi na tara na zauna na yi lissafi. Saura uku. In ya ƙare, me zai kawo ta? Gidana ba a kan hanyarta yake ba, nonon da nake saye kuma bai kai a yi wannan tafiyar dominsa ba. Tsoro na ji, ba na ɓoyewa, tsoron in koma yadda nake. Don haka washegari, da kashi na goma ya ƙare a daidai inda aka kawo wa matar jakar ɗanta ba tare da shi ba, na kife wayar na ce, "Sauran biyun ba a turo ba. Sai maigida ya je Tudun Wada."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya kai shi."

Dabarata ta ci, ko kuma haka na zata. Ta ci gaba da zuwa. Na sa mata ɗan sanda mai tsoron kare, ta yi dariya tana rufe baki da mayafi. Na sa mata wasu. Kowane kwana biyu sai ta ce, "Maigida bai samu zuwa ba?" Ni kuma in hau bawan Allah da faɗa a bayan idonsa, in ce ai kin san maza, mantuwa kamar me. Alhali a tsakanin nan sau biyu yana zuwa Tudun Wada.

An gama girbi, gari ya fara bushewa. Wata rana tana ɗaura gammo ta ce, "Ciyawa ta ƙare a wajenmu." Na ce Allah ya kawo sauƙi, na shiga zancen tsadar tumatir. Bayan kwana kaɗan ta ce, "Rafi ya ja baya. Maza suna ta shawara." Na ce ai maza ba sa rabuwa da shawara. Duk wanda ya tashi kusa da masu shanu ya san abin da waɗannan maganganun suke nufi. Ni 'yar tela ce, a tsakiyar gari na girma. Matar da na riga na san ba ta faɗin abu kai tsaye tana yi mini sallama, ni kuwa ina jin labarin ciyawa.

Zuwanta na ƙarshe ta kawo mini man shanu a 'yar ƙwarya, ta ƙi karɓar ko sisi. Ta zauna har la'asar ta yi sanyi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki kayanta, ta kai bakin zaure, sai ta juyo.

"Hajiya, a ganinki yaron nan zai dawo?"

Wayar tana hannuna, cajinta a cike. Na ce, "Wa ya sani, ƙawata? Sai mun gani."

Washegari ba ta zo ba. Na ce ko zazzaɓi ne. Kwana uku, kwana biyar, ina dafa na mutum biyu ina zuba wa kaji rabi. A na shida na yi wa maigida zancen yana cin tuwo. Ko kansa bai ɗaga ba ya ce, "Fulanin bayan dutse? Ai sun tashi da shanu, sun yi kudu. Kowace shekara haka suke, wani lokaci su dawo da damina, wani lokaci su zarce. Ba ta gaya miki ba?"

Na rufe shi da faɗa, na ce shi da ya sani me ya hana shi magana. Ya tsaya yana kallona da loma a hannu, bai san laifinsa ba, don ba shi da shi. Da safe na ce sai ya kai ni rugar kafin ya tafi aiki. Ya ga fuskata, bai yi musu ba.

Hanyar duk duwatsu ce da kwazazzabai. Muka tarar da fili fetal, sai shacin inda bukkoki suka tsaya, da turakun maruƙa, da busasshen kashin shanu. Gida biyu kawai suka rage, na tsofaffin da aka bari suna gadin rumbunan masara. Wata tsohuwa tana zaune a inuwa tana gyaran ƙwarya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta ƙare mini kallo.

"Ke ce ta Doguwa, mai waya?"

"Ni ce, Inna."

Ashe surukar mai nonon ce. Ta ce, "Ta bar miki saƙo. Ta ce in kin zo in tambaye ki ko yaron ya dawo. In ɗana ya samu inda waya take kamawa ya kira, sai in faɗa masa ya gaya mata."

 Na ce, "Ya dawo, Inna. Ki ce mata ya dawo da ransa, uwar ta gan shi."

"To, madalla," in ji tsohuwar, kamar wani ɗan uwansu ne. Ta ci gaba da gyaran ƙwaryarta. Na yunƙura zan tashi sai ta ce, "Ta kuma ce kada ki sa komai a ranki. Tun ranar farko ta ga hotunan a jere a wayarki, ta ƙirga, goma sha biyu ne cif. Karatu ne ba ta iya ba."

Na koma na zauna a ƙasa. Na ce, "To me ya hana ta faɗa mini?"

Tsohuwar ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Ta ce in ta faɗa za ki ji kunya. Kuma ta ga ba kya so ta daina zuwa ne, ita ma ba ta so."

Maigida yana can bakin hanya yana jira, ya kashe babur. Na daɗe ban tashi ba.