Kwaɗo a Cikin Gwangwani

A farkon shekarun dubu biyu ina koyarwa a wata firamare a Samaru, muna haya a gidan da rabinsa ɗalibai ne. Ni mace ce mai saurin fushi da son a ce gidana tsaf yake, sai ga 'yata ta fari ta shiga aji huɗu tana fitsarin kwance. Kullum da safe in ja katifa in shanya a kan katanga, ɗalibai na wucewa suna gaishe ni suna kau da kai. Na yi faɗa, na yi duka, na hana ta shayi, duk a banza.

Ana cikin haka cocinmu ya shirya wa 'yan mata zangon hutu a Dogarawa, za su kwana a aji ɗaya kan tabarmi. Yarinyar nan ta ƙwallafa rai, ni kuwa na ce ba za ta je ta kunyata ni ba. Kakarta ta zo daga Bomo ta ce maganin ai sananne ne: a ɗaura mata kwaɗo a ƙugu, a ɗora mata jiƙaƙƙiyar tabarma a ka, yaran unguwa su raka ta da waƙa. Kunya ce za ta warkar da ita. Wallahi na yarda, har aka kawo kwaɗon a gwangwani. Da yarinyar ta gan shi ba ta yi kuka ba. Ta riƙe zanena ta ce ta haƙura da zangon, ta haƙura da makarantar ma, in dai ba za a fita da ita waje ba. Sai na juye gwangwanin a kwata.

Washegari muka hau acaɓa zuwa wani asibiti a Sabon Gari. Nas ɗin ta ce in yi shiru, yarinya za ta tambaya. A nan na ji abin da ban taɓa sani ba. Masan makarantarmu ba shi da ƙofa, maza na leƙe, don haka ba ta shan ruwa tun safe har a tashi, tana matse fitsari da bayan gida, sai da yamma ta kwankwaɗi ruwa kofi bayan kofi. A makarantar da nake koyarwa fa! Aka ce ta sha ruwa da rana, ta ci gwanda da ganye don cikinta ya saki, ta zaga kafin ta kwanta. Na tara malamai muka sa kafinta ya kafa ƙofa.

Ba ta daina lokaci guda ba, amma ranar da na fara taɓa katifa na ji ta a bushe, rawa na taka a tsakar gida har ɗalibai suka fito. Ta je zangon ina ta addu'a. Da ta dawo, tun daga ƙofa take ba ni labari, baki har kunne: tata tabarmar lafiya lau, ta yarinyar da ke kusa da ita ce ta jiƙe, ta tashe ta a hankali suka wanke tare kafin kowa ya farka.

Iyaye, don Allah ku ji ni. Yaro ba ya jiƙa shimfiɗa da gangan, kunyar da yake ciki ma ta ishe shi. Ku zaunar da shi ku tambaye shi, ku kai shi asibiti. Ni da na bi ta tawa, da a titi 'yata ta koyi yadda ake yi wa mai fitsarin kwance.