Takardun da Baba Ke Kira Hatimi

Wata bakwai na yi ina faɗa da kwamfutar nan, a shekarar da ta biyo bayan komawar sojoji bariki. Murhun rana nake son yi: farantin roba garai-garai, a sassaƙa masa zobe cikin zobe kamar matakala, ya tara hasken rana wuri guda. In fuskar kowane zobe miƙaƙƙiya ce, hasken watsewa yake, ko ruwan shayi ba ya tafasa. Sai an ɗan lanƙwasa ta. Lissafin lanƙwasar nan nake rubuta wa kwamfuta, ita kuwa ja'ira kullum sai ta ce na yi kuskure a layi kaza.

Mai sassaƙawar wani dattijon coci ne daga kudancin jihar, yana da inji a Trikania. Baba nake ce masa. In na kawo takardun da na buga, duk da'irori da jerin lambobi, sai ya kwashe da dariya: "Malam, kawo hatiminka mu gani." Wai sun yi kama da zanen da malamai ke naɗewa cikin laya. Har ni ma bakina ya saba.

Ranar da ya gama faranti na farko, ranar gari ya rikice da faɗan addini. Da hantsi hayaƙi ya tashi ta ko'ina. Baba ya ɗaure farantin a babur ɗinsa, ya ce in hau baya ya kai ni gida Makera.

Ba mu yi nisa ba samari suka tare mu, da adduna da sanduna, taya na ci a tsakiyar titi. Wani ya fizge jakata ya zazzage, ya ɗaga takardun.

"Mene ne wannan?"

"Hatimi ne," na ce.

Wallahi har yau haushin bakina nake ji. Kan in gyara, gora ta sauka a ƙeyata. Suka ja ni ƙasa suna ihu wai ga mai yi wa mutanensu asiri. Na ji haƙorina ya fita, jini ya cika min baki. Aka rataya min taya a wuya, na ji warin fetur.

Baba ya kutsa cikinsu da farantin. "Ku tsaya! Aikin inji ne, ku duba!" Ya ɗaga shi saitin rana bisa takardun. Hasken ya taru wuri ɗaya kamar ƙwayar gero, takarda ta kama da wuta. Ina kwance ina jiran mutuwa na ga lissafina ya yi daidai.

Ai kuwa sai abin ya ƙara lalacewa. "Tsafi! Kun gani?"

Baba ya buga hannunsa na dama a kan tankin babur. "Ni na sassaƙa shi, da wannan hannun! In tsafi ne, nawa ne. Ku fara da ni."

Wani ya sauke masa rodi a kan hannun. Na ji ƙarar ƙashin kamar an karya kara. Sai wani a cikinsu ya gane shi, ya ce kai, Baban cocinsu ne fa. Suka ja da baya. Na cire tayar daga wuyana, ni na tuƙa babur ɗin, yana jingine a bayana yana nishi.

Lissafin yana nan a faifan kwamfuta cikin akwatina, ba kuskure ko ɗaya. Ba a sake sassaƙa wani farantin ba. Da hagu Baba yake cin tuwo yanzu. In na je gaishe shi, yakan ce, "Malam, ina hatimi?" Shi kaɗai yake dariyar.